Janar Ajuji na Bibemi, Ina Jaka Arba'in Ɗina?

Ɗan Goggo, labarinka ya riga ka isowa Garwa. A kan buhunan albasa ya hau mota, ya sauka a kasuwar Pitowa ranar Lahadi, kafin la'asar yana ƙofar shagona yana neman ruwan sha. Wai yau kwana tara ba a ga ƙeyarka a majalisa bayan isha'i ba. Masu kyautata zato suka ce zazzaɓi ne. Waɗanda suka san halinka suka ce ko dai ƙarin aure kake ƙullawa, ko kuma wani mai bin ka bashi ne ya shigo gari. Ashe duk ba su canka ba. Kana can ƙuryar ɗaki, ka lulluɓa da bargo a tsakiyar zafin Maris, zafin Bibemi da ƙadangare ma ke roƙon inuwa, ka ƙura wa waya ido kana sharar hawaye. Da matarmu ta yaye bargon ta tambaye ka wa ya rasu, sai ka ce hayaƙin maganin sauro ne ya shiga maka ido. Ita kuwa ta rantse mini wata biyu ke nan ba a kunna maganin sauro a gidan ba, don kai ne ka hana kuɗinsa.

Ka san ni da bin diddigi. Yaron nan mai turin finafinai a bakin tasha ne ya zuba maka shi a memori kan dala 20. Wasan kwaikwayon talabijin ne na Koriya ta Kudu, wanda ake kira Goblin. Kai da iyakar saninka da Koriya shi ne Son Heung-min ya zura mana ƙwallo da ka a wasan sada zumunta na Satumbar 2022, ka kwana kana yi masa Allah ya isa! Yau kai ne ke gaida mai shayi da sunkuyar da kai. Kashi 16 ne duka, yara na cinye shi a kwana biyu, amma da yake fassarar da ke gudu a ƙasan hoton Faransanci ce, naka Faransancin kuwa a aji uku na firamare ya yi sallama da kai, kowane layi sai ka tsayar da fim ka haɗa baƙi. Shi ya sa kwana tara kana kashi na 12.

Bari in yi wa masu karatu bayani, tunda ba kowa ne ya zautu ba. Tashar tvN ce ta nuna shi daga Disambar 2016 zuwa Janairun 2017, wata marubuciya mai suna Kim Eun-sook ta tsara labarin. Wani janar ne, Kim Shin, a zamanin daular Goryeo, wadda ta yi mulki daga 918 zuwa 1392, daga sunanta ma aka samo kalmar Koriya. Ya ci wa sarkinsa yaƙe-yaƙe har talakawa suka fi yi masa kirari a kan sarkin. Sarkin yaro ne, ga wani bafade mai baƙin ciki yana hura masa kunne, sai ya sa aka kashe janar da takobinsa, aka harbe sarauniya da kibiya, ita kuwa ƙanwar janar ɗin ce. Janar bai mutu ya huta ba. Aka tashe shi ya zama abin da suke kira dokkebi, takobin na soke a ƙirjinsa, ba mai ganinsa balle ya zare, sai amaryar da aka ƙaddara masa, kuma ranar da ta zare shi ranar zai koma toka. Har ya kai shekara 939 da haihuwa yana jiranta. Da ta bayyana, sai ga ta 'yar makaranta mai shekara 19, marainiya mai ganin fatalwa. Ɗan Goggo, kai ne fa ka hana mu sakat a majalisa da wani dattijo ɗan sittin ya auri 'yar ashirin, ka ce ya auri jikarsa. Wannan ya ba ta shekara 920, kana yi masa kuka.

Ka kuwa san mene ne dokkebi a tatsuniyoyin mutanen Koriya, kafin masu fim su sa masa doguwar kwat su gyara masa suma? Tsohon kayan gida ne da aka yar, galibi tsintsiya, ta daɗe har iska ta shige ta. Yana tare matafiya da dare ya ce sai an yi kokawa, yana da kulki da yake bugawa a ƙasa abin da yake so ya fito. Wato gwarzon naka asalinsa tsohuwar tsintsiya ce. Ban yi mamaki da jininku ya haɗu ba. Tsakanina da kai ai dama maganar shara ce, kowace shekara in watan cika-ciki ya kama sai mun yi shari'ar kuɗinta, kuma ban taɓa ganin ko dala ta fito daga aljihunka ba.

Da a kallo ka tsaya, da na yi shiru. Wanzami ba ya son jarfa, ni ma akwai daren da na raba ina jiran sakamakon Coton Sport da Al Ahly a 2008, ba wanda ya rubuta ni a jarida. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar da aka ce ka yi ranar da ka leƙo majalisa sayen katin waya. Wai jikinka na ba ka cewa ba wannan ne zuwanka duniya na farko ba. Wai duk lokacin da ka gitta ta ƙofar fadar Lamiɗo ka ji algaita, sai ka ji wani abu ya soke ka a ƙahon zuci, daidai inda takobin janar yake. Ɗan'uwa, wannan ƙwannafi ne. Rage yajin tsire da dare.

Mu ma ɗauka gaskiya ne, don a huta. Shekara 939 baya babu Lamiɗo a Bibemi balle algaitarsa. Sarautun Fulani na wannan yanki sun kafu ne da jihadin Modibbo Adama, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu a farkon ƙarni na 19, Yola ma sai 1841 aka kafa ta. Kakanninmu kuwa ba da takobi suka zo kwarin Binuwai ba, fatake ne, da jakuna da tufafi da kanwa, suna neman hauren giwa. In har kana cikin wannan ayari, na san matsayinka. A kowane ayari akwai jaki guda da ke lafiya lau a zango, ya fi kowa cin dusa, amma da an ɗora masa mangala sai ya durƙusa. Ban ce kai ne ba. Na dai tuna ranar hawan salla da ka ari doki don ka burge 'yan mata, aka tsinto ka a cikin kwata, dokin ya koma gida shi kaɗai yana murna.

Amma tsaya, kada in zalunce ka. A duk zuriyarmu kai kaɗai ne kake da hujjar cewa ka taɓa zuwa ka koma, kuma ba sai ka je Seoul nemanta ba. Mance sunan da ke kan katin ɗan ƙasarka, wane suna Kaka take kiranka da shi har ta bar duniya? Ajuji. Masu karatu na birni ƙila ba su san dalili ba. Goggo ta haifi maza uku kafin kai, kowanne ya koma kafin a yaye shi. Da ka faɗo, tsofaffin gida suka dubi juna suka ce shi ne dai ya sake dawowa, ɗan wabi ne. Kaka ta naɗe ka a tsumma ta kai ka kan juji ta ajiye, ta juya baya kamar ba ta damu ba, wata maƙwabciya da aka shirya da ita ta zo ta tsince ka. Aka huda maka kunne guda, har yau hudar na nan, ita kake rufewa da hula. Dabarar ita ce a nuna wa mutuwa cewa wannan yaro ba abin so ba ne, ta wuce ta bar shi. Irin sunayen nan, Ajuji da Ayashe da Ajefas, duk daga nan suka fito. Yau ma'aikatan asibiti za su ce maka zazzaɓin cizon sauro ne ya kwashe yaran, ko ƙyanda, ko amosanin jini, kuma su ne da gaskiya. Tsofaffinmu ba su da allurar rigakafi, abin da suke da shi labari ne, suka riƙe shi don uwa ta iya tashi da safe ta hura wuta. Goggo kuwa, Allah Ya ƙara mata lafiya, ban taɓa jin ta ambaci ukun nan ba, alkunya ta hana. Amma na lura ba ta taɓa yarda da maganar cewa yaro ɗaya ne ke kai-komo ba. Ta san ranar da kowanne ya zo, ta san inda kowanne yake kwance. In ka gama kukan mutanen Goryeo, ka shiga ɗakinta ka gaishe ta da kyau.

To ga lissafinka, Janar: zuwa uku, ko haƙori ba ka fitar ba a ko ɗaya. Ka zo, ka sha nono, ka gudu ba ka biya ba. Sau uku. Hali zanen dutse.

Abin da ke ba ni dariya kuma shi ne yadda aljanun waje suka fi na gida farin jini a wurinka. Kai ne ba ka bi ta ƙarƙashin tsamiya da tsakar rana. Kai ne in masunta suka fara hirar 'yan ruwa a Mayo Kebbi sai ka tuna ana jiranka a gida. Mu da muke da Jangare, birni guda na iskoki da sarkinsu da fadawansu, da Ɗan Galadima ɗan caca mai almubazzaranci, da Inna Bafillatana, da Sarkin Rafi, kowa da kiɗansa da abincinsa da launin tufarsa, in aka fara goge a gidan 'yan bori kai ne na farkon toshe kunne kana a'uziyya. Su ma can suna da nasu 'yan borin, mudang suke ce musu, yawancinsu mata, da kiɗa da rawa da hawan iska. Bambancin kawai nasu aljanin an sa masa takalmi mai tsada, an ba shi gida mai bene, in ya buɗe ƙofa sai ga shi a birnin Kebek na Kanada ba biza. Akwai kuma wani ɗan aiken mutuwa da suke zaune gida ɗaya da janar, baƙar malfa gare shi da kwat, kamar lauya. Da Dodon tatsuniya ya samu tela irin nasu, da tuni ka sa hotonsa a fuskar wayarka.

Gaskiya akwai abu biyu na janar ɗin da na yi wa Bibemi sha'awa. In ransa ya ɓaci ruwan sama ke sauka. Ka ga da muna da shi, in damina ta yi fashi a Yuni auduga ta fara langaɓewa, sai a tura ka ka karɓi rance a hannunsa, kafin sati ƙasa ta jiƙe. In Satumba ta zo kogi ya cika, ana fargabar a buɗe ƙofofin madatsar Lagdo kamar ambaliyar 2012, sai a nemo masu ba shi dariya. Na biyu, yana kiran zinare ya zo masa sanduna-sanduna. Ku kuwa ga zinare a ƙarƙashin ƙasarku, samari na tonon rami suna wanke tsakuwa a kwano, har wani kamfanin Ingila ya zo yana huda duwatsu yana aunawa, amma mutumin Bibemi guda da na sani jaka 40 ta gagare shi.

Ai mun iso wurin.

Kada ka ce Koriyawa ne suka fara kawo mana labarin mutuwa a dawo. Ni da kai mun zauna a benci ɗaya a gidan bidiyo a nan Garwa muka kalli Karan Arjun na 1995, inda aka kashe Shah Rukh Khan da Salman Khan aka sake haifarsu suka dawo wa uwarsu. Ni na biya kuɗin shiga, in ka manta. Daga baya ga Magadheera na 2009, jarumin da ya dawo bayan shekara 400, wanda masu fassarar Indiya-Hausa suka sa kowane yaro ya san shi. Sai dai na lura da wani bambanci, kuma shi ne abin da nake so ka ji. Ba'indiye in ya dawo, fansa ta dawo da shi: a nemo mugu, a yi rawa, a karya masa wuya. Bakoriye in ya dawo, bashi ne ya dawo da shi. Dubi naka fim ɗin. Ɗan aiken mutuwar nan da ba ya tuna ko sunansa, ashe shi ne sarkin da ya yi kisan, aikin rakiyar matattu hukuncinsa ne. Sarauniyar da aka harbe ta dawo tana sayar da soyayyen kaza, shi kuwa da ya gan ta sai hawaye, bai san dalili ba. Janar kansa jinin dubban da ya kashe a fagen fama yake biya da tsawon rai. Haka Hotel del Luna na 2019, inda wata mata ta shafe sama da shekara dubu tana riƙe da masaukin fatalwowi saboda alhakin da ke wuyanta, fatoma ce ta matattu, ba mai wucewa lahira sai ya warware abin da ya ƙulla. Haka wanda aka yi a 2023 na matar da ke rayuwarta ta 19 tana tune da sha takwas ɗin baya. Ka cire kiɗan da dusar ƙanƙarar da kyawawan fuskokin, abin da zai rage littafin bashi ne: wane ya ci haƙƙin wance, bai nemi gafara ba, ga shi an sake haɗa su a wani zamani sai ya biya. Wannan ne ke sa mutane kuka, don ba wanda ba shi da wani da ya so ya ce wa yi haƙuri amma ƙasa ta riga shi.

Shi ya sa da aka ce kana kuka na ji daɗi. Na ce alhamdu lillahi, tsumagiyar ta taɓa wurin.

A cikin fim ɗin an ce mutum rayuwa huɗu gare shi: ta shuka, ta ban ruwa, ta girbi, da ta cin abin da aka girba. Kai ka haɗa duka huɗun a rani ɗaya. Ka shuka albasa da irin da aka saya da kuɗina. Ka yi ban ruwa da injin da aka gyara da kuɗina. Ka girbe, an loda, na ga buhunan da idona a Pitowa da alamarka a jiki. Yanzu kana rayuwa ta huɗu kai kaɗai, har da nama. Jaka 40, Ɗan Goggo, tun kafin azumin bara. Duk lokacin da na kira ka sai ka ce ba ka ji, layi ba kyau, alhali layin nan ne ke kawo maka hotunan 'yan wasan Koriya.

Na kuma gane dabararka. Kana so ka shigo da maganar rayuwa ta gaba ne don ka tura ni can. To nan ba wasa. Malamai suna kiran wannan aƙida tanasuhi, kuma ba tamu ba ce. Ka koma ƙarshen Suratul Muminun ka ga amsar da ake ba wanda mutuwa ta zo masa ya roƙi a mayar da shi ya gyara: ba a mayar da shi, barzahu ke gabansa har ranar tashi. Ka kuma san labarin gawar da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya dakata da yi wa salla saboda bashin 'yan dinarai, sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Su kansu masu fim ɗin ba duka suka ɗauki abin addini ba. Daga addinin Buddha tunanin ya shigo musu, shi ne addinin fada a zamanin Goryeo, amma a ƙidayar 2015 fiye da rabin mutanen Koriya ta Kudu sun ce ba su bin kowane addini, Kiristoci ma sun fi mabiya Buddha yawa. Tatsuniya suke kallo, su share hawaye, gari ya waye su tafi aiki. Kai ne ka kai ta majalisa kana dafa ƙirji.

An ce kuma abin da ya fi burge ka shi ne ɗakin shayin ɗan aiken mutuwa, inda ake miƙa wa mamaci kofi ya sha ya manta duk abin da ya yi a duniya. Na yarda ya burge ka. Ina ma zargin mai shayin bakin kasuwarku irinsa yake dafa maka, don kana kurɓa kake manta lambata. Ni ban sha ba, kuma ba ni da niyya.

Tunda kana ƙaunar Gong Yoo, mai fitowa a janar, bari in ba ka labarin wani aikin nasa. A Squid Game na 2021 shi ne mutumin nan mai kwat da jaka da ke bin tashoshin jirgin ƙasa yana farautar waɗanda bashi ya yi wa katutu, ya ja su wasa, duk wanda ya faɗi ba shi da abin biya ya sharara masa mari. Mutum 456 aka tara a wasan, kowanne da bashi a wuya. Ka ga ko gwarzon naka ya san maganin irinku. Ka ce wa yaron tasha ya tura maka, ni zan biya dala 20 ɗin, in haɗa a lissafi.

Yanzu ga inda muka kwana. Na samu labari kashi na 13 ya ƙi buɗewa a wayarka, yaron tasha kuma ya tafi Marwa biki, sai bayan sati biyu. Ka tsaya daidai inda janar ya gano ko wane ne abokin zamansa. Ba ka san ko an zare takobin ba. Ba ka san abin da ya samu amaryar tasa mai jan gyale ba. Ni na sani. 'Yarka ta wajena ta kalle shi tun tuni, na zaunar da ita ta ba ni labari tiryan-tiryan har ƙarshe, na rubuta a bayan littafin da sunanka yake ciki. Akwai wata babbar mota a gangare. Iyakar abin da zan faɗa ke nan a wannan makon. In jaka 40 ba ta iso ba kafin fitowa ta gaba, zan zayyana sauran a wannan fili, in sa a karanta maka a majalisa da ƙarfi, gaban mai shayi.

In kuwa ka ce sai dai in zo da kaina, ranar kasuwar shanu ta Adumri ina tafe. A fim ɗin naka in yarinyar na son ganin janar, ashana take ƙyastawa ta hure, sai ya bayyana a gabanta ko yana ina. Jiya na gwada a shago, tsinke goma sha ɗaya na ƙona, ba ka zo ba, sai maƙwabcina da ya leƙo ya tambaya ko lafiya. Na sayi sabon kwali, zan ƙarasa shi a ƙofar gidanka. Ka gaida Goggo, ka ce mata ina son miyar yakuwa da busasshen kifi, kuma a kwanonka za a zuba mini.